Wasiƙa Daga Ingila: Tsakanin Ƙusa da Dirhami

Mu nan kaka ta shigo, sanyi ya fara leƙowa, rana kuma ta fara gajarta ta yadda kafin mutum ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje magariba ta yi.

Duk wanda ya bi hanyoyin karkarar Ingila tsakanin watan Satumba da Nuwamba, bayan an girbe alkama da sha'ir an yi huɗa, zai riƙa hango mutane jefi-jefi a cikin gonaki, kowa da abin sauraro a kunne da shebur a hannu, yana tafiya sannu yana kaɗa wata sanda mai faifai a ƙasa kamar mai share tsakar gida. In a gida ne sai a ce ko wani abu suka yar, ko kuma 'yan jari-bola ne suka samu ci gaba. To, masu laluben ƙarfe ke nan, kuma shekara biyu ke nan ni ma nake binsu duk Lahadin da karatu ya bar ni. Abin da nake so in ba ku labari a kansa yau shi ne babbar matsalar wannan harka, wato yadda mutum zai bambance tarkace da abu mai daraja tun yana ƙarƙashin ƙasa, da kuma bayan ya fito da shi.

Yadda na shiga ciki

Kamar yadda wasunku suka sani, digiri na uku nake yi a fannin kimiyyar ƙasar noma, kuma aikina yana kai ni wasu gonaki a gundumar Lincolnshire inda nake ɗibar samfurin ƙasa. A can na saba da wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya, wanda ya fi shekara talatin yana wannan lalube. Shi ya gabatar da ni ga ƙungiyarsu, shi ya sayar mini da tsohuwar na'urarsa a kan kuɗi kaɗan, shi ne kuma ya koya mini ƙa'idar farko: ba a taka gonar kowa sai da izinin mai ita, kuma duk ramin da ka tona ka cike shi, duk tarkacen da ka fito da shi ka tafi da shi. Wannan ta ƙarshen ce ma take sa manoma su yarda da mu, domin muna rage musu gutsattsarin ƙarfen da ke huda tayar tarakta ko ya shiga cikin dabba.

Me na'urar take ji?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa na'urar tana ganin abin da ke cikin ƙasa ne kamar hoton asibiti. Ba haka abin yake ba. A cikin faifan nan akwai naɗin waya guda biyu. Ɗaya yana tura igiyar maganaɗisu cikin ƙasa sau dubbai a daƙiƙa guda. In igiyar ta ci karo da ƙarfe sai ta tayar da 'yar wutar lantarki mai zagaye a jikinsa, shi kuma ya mayar da tasa igiyar, naɗi na biyu ya kama. Amsar takan dawo da ɗan jinkiri, kuma yawan jinkirin ya danganta da yadda ƙarfen yake gudanar da lantarki, da girmansa, da kaurinsa, da siffarsa. Wannan jinkirin ne na'urar take mayarwa lamba a kan allo da kuma sauti a kunne. A tawa lambobin daga 0 ne zuwa 99. Baƙin ƙarfe, wato ƙusa da waya da makamantansu, yana can ƙasa da sauti mai kauri kamar gurnani. Jan ƙarfe da azurfa masu kauri suna can sama da sauti siriri mai daɗi. Tsakanin waɗannan biyun kuwa, nan ne kasuwar kowa da kowa.

A wannan tsakiyar ne takardar alminiyam ta kwalin taba take, da kunnen da ake fizgewa a buɗe gwangwanin lemo, da gindin harsashin bindigar farauta, da gutsuren darma, da maɓallan tsofaffin riguna. A nan ne kuma zoben zinariya yake. Dalili shi ne zinariyar ado ana gauraya ta da wasu ƙarafa, ga ta kuma ƙarama, don haka amsarta ba ta kai ta azurfa ba. Zobe da kunnen gwangwani kusan girmansu ɗaya, dukkansu zagayayyu ne masu rami a tsakiya, sai su ba da lamba kusan ɗaya. Haka nan sulallan azurfa na zamanin da, waɗanda ake bugawa da guduma, siraran gaske ne, wasu ma an raba su biyu ko huɗu don a samu canji, saboda haka sai su yi ƙara irin ta takardar alminiyam. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane, amma na'ura ba ta san wannan karin magana ba.

Kowace na'ura tana da maɓallin da za ka ce mata ta yi shiru a kan wasu lambobi. Sabon shiga, bayan ya tona kunnen gwangwani na ashirin bayansa ya ƙage, abin da yake fara yi shi ne ya toshe lambobin tsakiyar nan gaba ɗaya. Daga nan sai ya samu sauƙi, ya riƙa tono kwabban zamanin Sarauniya Victoria masu kauri yana murna, alhali ya rufe wa kansa ƙofar zinariya da ta tsohuwar azurfa. Dattijon nan ƙananan ƙusoshi kawai yake toshewa. Ya ce mini tun ranar farko, a gonar da aka yi huɗa, duk abin da ba baƙin ƙarfe ba ne tona shi, ka bar wa idonka hukunci.

Inda take ruɗin mutum

Ko baƙin ƙarfen ma ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Takalmin doki, ko guntun garma, ko zoben sarƙar shanu da ya yi tsatsa ya nutse, yakan ba da sauti siriri kamar azurfa, musamman in faifan ya bi ta gefensa. Maganin wannan shi ne ka zagaya ka kaɗa faifan ta wata fuskar, wato in da daga gabas zuwa yamma kake kaɗawa, ka koma kudu zuwa arewa. Abu mai kyau yana riƙe sautinsa ta kowace fuska, lambarsa ba ta tsalle sosai. Ƙarfe mai tsatsa kuwa sai ka ji sautin ya karye, gurnanin ya biyo baya. Haka kuma in ka ɗaga faifan taki guda sama da ƙasa ka ji ƙarar tana nan daram, to babban abu ne, galibi gwangwani ko murfin tukunya, domin sulai ƙarami ba ya jure nisa.

Akwai kuma kishiyar wannan. Ƙusa in tana kwance kusa da sulai takan rufe shi, na'urar ta ji ƙusar kawai. Shi ya sa wuraren da aka taɓa yin gidaje, inda ƙusa ta fi yawa kuma abin arziki ya fi yawa, su ne suka fi wahalar aiki. Sai an rage gudu, ana kasa kunne ga ɗan siririn sautin da ke leƙowa a tsakanin gurnani. Zurfi ma yana ɓata lissafi: abin da ya wuce taki guda a ƙasa lambarsa ba abin dogaro ba ce. Ga gawayin kwal da tsofaffin injinan huɗa masu tururi suka zubar a gonaki, shi ma yana ƙara. Ita kanta ƙasar, in tana da sinadarin ƙarfe da yawa, sai ta cika kunne da hayaniya har sai an daidaita na'urar da ita.

Wannan matsala ta girmi dukkanmu. A shekarar 1881, lokacin da aka harbi Shugaban Amurka James Garfield, Alexander Graham Bell, mutumin nan na wayar tarho, ya haɗa wata na'ura don a gano inda harsashin ya maƙale a jikinsa. Ba a dace ba, kuma cikin dalilan da ake bayarwa har da wayoyin ƙarfen da ke cikin gadon da shugaban yake kwance a kai.

Da yake ɗalibi ba ya rabuwa da littafi, nakan rubuta duk abin da na tona. A wata Lahadi ta bara na yi ramuka 46 cikin sa'a biyar. Goma sha ɗaya gutsattsarin gwangwani ne da injin yankan ciyawa ya daddatsa, tara gindin harsashi, takwas darma marar siffa, bakwai baƙin ƙarfen da ya yi mini muryar azurfa, shida maɓallai, huɗu kwabban da suka cinye har ba a ganin kan sarki, sai ɗaya wani ɗan maƙulli na bel da aka ce ya kai shekara ɗari biyar. Wannan a wurinmu rana ce mai kyau.

Hukuncin hannu da ido

Tantancewa ta biyu tana farawa ne bayan abu ya fito. A nan 'yan jari-bolan gida ba za su sha wahala ba, domin dabarar ɗaya ce: mayen ƙarfe a aljihu, duk abin da ya kama baƙin ƙarfe ne. Sai nauyi a tafin hannu. Alminiyam ba shi da nauyi, darma tana da shi, zinariya kuma ta fi darma nauyi nesa ba kusa ba. Sai launi. Jan ƙarfe da tagulla sukan yi kore, tsohuwar darma takan yi fari kamar an shafa mata alli, azurfa takan yi toka-toka ko baƙi. Zinariya kaɗai ce ke fitowa kamar jiya aka binne ta, ko da ta shekara dubu biyu. Ba a goge komai da yatsa a gona, ba a kankare shi, domin abin da kake ɗauka datti ne wani lokacin shi ne ragowar ado ko rubutu.

Dattijon yana da doka a ƙungiyar: ba a zuba komai a bokitin tarkace sai an baje shi a bayan mota lokacin abincin rana kowa ya gani. Wata rana wani matashi cikinmu ya zazzage jakarsa, cikin kayan akwai wani ɗan gutsure mai kusurwa uku, toka-toka, bai fi farcen ɗan yatsa ba. Ya ce lambar takardar taba ya ba shi, kuma takardar taba ce. Dattijon ya ɗauka, ya ɗiga masa ruwa daga gorarsa, ya daɗe yana dubawa da tabaran ƙara girma, sannan ya miƙo mini ya ce, kai da kake karanta Larabci, duba mana wannan.

Mai karatu, ban san yadda zan kwatanta maka abin da na ji ba. Layi biyu ne da rabi na rubutun Kufi, babu ɗigo babu wasali, tsayayyun haruffa masu kusurwa. Wanda ya yi karatun allo ba zai ga baƙon abu a ciki ba, domin rubutunmu na Magaribi daga Kufi ya samo asali. Wani yanki ne na kalmar shahada. Ga ni tsaye a cikin taɓo, iska mai sanyi tana kaɗawa, a gonar da ba a taɓa jin kiran salla ba, ina riƙe da sunan Allah da wani maƙeri ya buga fiye da shekara dubu da suka wuce. Na goge hannuna, na nemi takarda mai tsabta na naɗe shi kafin na mayar wa yaron, na kuma gaya musu abin da aka rubuta da ma'anarsa. Sun yi tsit suna saurare.

Gutsuren dirhami ne. Jami'ar da ke rajistar kayan tarihi a yankin ta tabbatar daga baya cewa na zamanin Abbasiyawa ne, sai dai gefen da ake rubuta gari da shekara yana cikin ɓangaren da aka yanke. Yadda irinsa ya iso nan sananne ne. 'Yan Viking na arewacin Turai suna gangarawa ta kogin Volga suna sayar da fatu da bayi, su karɓi azurfar ƙasashen Musulmi. Su ba ruwansu da rubutun, awo suke yi da sikeli, saboda haka sai su daddatsa dirhamin gwargwadon cinikin da za su yi. A Torksey, nan cikin Lincolnshire a bakin kogin Trent, inda babbar rundunarsu ta yi zaman hunturu daga 872 zuwa 873, masu lalube sun tsinci irin waɗannan gutsattsari sama da ɗari, tare da ɗaruruwan 'yan dunƙulen darma na wasan dara da na awo. Waɗannan 'yan darmar, da ba wanda zai ba ka ko sisi a kansu, suna cikin abin da ya nuna wa masana faɗin sansanin. A 2007 kuma, kusa da Harrogate, wani mutum da ɗansa sun tono wani kwano cike da sulallan azurfa 617 da aka binne wajen 927, cikinsu har da dirhaman Samarƙand.

In kuɗi ake magana, gutsuren yaron nan ba zai biya hayar ɗakina ta mako guda ba. Amma da yake an rubuta daidai inda ya fito a taswira, ya zama shaida a hannun duk wanda zai yi nazarin yankin nan gaba. Da a bokiti ya faɗa, da an narkar da shi tare da gwangwanaye.

Doka da daraja

Ɗaliban fiƙihu za su tuna babin rikazi da khumusinsa. Su ma nan suna da tasu dokar dukiyar binne, ta 1996, wadda ke aiki a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa. Sikotilan tata daban ce. A taƙaice, abin da ya haura shekara 300 kuma aƙalla kashi goma cikin ɗari nasa zinariya ne ko azurfa, ko tarin sulalla da aka samu wuri guda, dole ne a sanar da jami'in shari'ar yankin cikin kwana 14. In gidan tarihi yana so, sai kwamiti ya yi masa kuɗi, a biya, galibi a raba biyu tsakanin wanda ya tsinta da mai gona. Sauran ƙananan abubuwa kuwa akwai shirin rajista na sa-kai da aka fara a 1997, wanda gidan tarihin Birtaniya da ke Landan yake jagoranta, kuma an rubuta abubuwa sama da miliyan ɗaya da rabi a cikinsa.

Labaran da ke jawo mutane cikin harkar gaskiya ne. A Nuwamban 1992 Eric Lawes ya shiga wata gona a Hoxne neman gudumar da abokinsa manomi ya yar, sai ya faɗa kan dukiyar Rumawa, sulalla kusan 15,000 da kayan ado da cokula. Ya dakatar da tono ya kira hukuma, masana suka zo suka ɗauke sauran a tsanake, aka biya fam miliyan 1.75. Gudumar ma an same ta, tana gidan tarihi yanzu. A Yulin 2009 Terry Herbert ya gano dukiyar Staffordshire, gutsattsarin zinariya da azurfa kusan 4,600, yawancinsu adon takubba, aka yi musu kuɗi fam miliyan 3.285. Akwai kuma wasu mutum biyu da suka tono dukiyar 'yan Viking kusa da Leominster a 2015 suka ɓoye suna sayarwa a asirce. An ɗaure su a 2019, yawancin sulallan kuma har yau ba a gansu ba.

Ita kanta dokar ta taɓa faɗawa tarkon da sabon shiga ke faɗawa, wato auna daraja da irin ƙarfe. A 2010 an tono kwalkwalin wani barden Rumawa a Crosby Garrett, a farfashe gida sama da sittin. Da yake na tagulla ne, bai shiga ƙarƙashin dokar ba, aka yi gwanjonsa a Landan kan kusan fam miliyan 2.3, wani mai kuɗi ya saye, gidan tarihin yankin yana ji yana gani. A 2023 aka gyara dokar, ta yadda abin ƙarfe da ya haura shekara 200 kuma yake da muhimmanci na musamman ga tarihi zai iya shiga ko da babu zinariya ko azurfa a jikinsa.

Ga masu neman in aiko da na'ura

Tun da hoton na'urata ya isa gida, saƙonni ba su yanke ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ɗan ƙanin mahaifina, mai mata da 'ya'ya uku, wanda ya kira ni ya ce, Yaya, babur ɗina zan sayar, in bai isa ba in haɗa da rabon gonata, ka sayo mini wadda take nuna zinariya. Na san abin da ya gani. Tun da aka yi rububin zinariya a Djado ta Nijar a 2014, da abin da ake yi a Sudan da Chadi, kowa ya ji labarin wanda ya tafi da na'ura ya dawo da mota.

Abin da na gaya masa shi zan maimaita a nan don masu irin tunaninsa. Irin na'urar da nake riƙewa an yi ta ne don sulalla a ƙasa mai laushi, kuma a matsayina na mai nazarin ƙasa na san jar ƙasarmu da marmara cike suke da sinadarin ƙarfen da zai hana ta sakat. Waɗanda ake neman ɗanyen zinariya da su wasu ne daban, tsadarsu ta ninka tawa sau da yawa, jabunsu sun cika kasuwa, kuma da yawansu ba sa ma iya bambance ƙusa da zinariya sosai, duk abin da ya yi ƙara sai an tona. Duk wanda ya ce maka yana da na'urar da ke nuna zinariya zalla, ko take hango ta daga nisan kilomita, kuɗinka yake so. Na ce masa, ƙanena, babur ɗin nan kullum yana kawo cefane, ni kuwa shekara biyu ina kaɗa faifai ban taɓa ganin zinariya ta fito daga ramina ba, dattijon da ya koya mini ma sau uku ya gani a shekara talatin. Bai ji daɗi ba a ranar, amma har zuwa makon jiya da muka yi waya babur ɗin yana nan.

Nan da mako biyu mai gonar da muke shiga zai shuka alkamar hunturu, daga nan kuma an rufe mana ita sai baɗi. Ni ma malamina yana jiran babi na huɗu kafin ƙarshen Nuwamba, don haka na'urar za ta koma bayan ƙofa. In Allah ya yarda, lokacin hutun Disamba ina so in je Birmingham in ga kayan Staffordshire ɗin nan da idona, kuma duk abin da na gani zan kawo muku. A gaida mutanen gida, a ci gaba da sa mu a addu'a. Wassalam.

Naku,
Daga gabashin Ingila